Dajin ƙashi: Ba kowane kumburi ake kai wa maɗori ba

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Damagaram, ta ratsa Takeita da Kance, ta gangara Ɗan Barto, sannan ta tsallaka Kwangwalam zuwa Daura da Kano, to ya san Matameye. Gari ne na kasuwa, kuma hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, wanda Allah Ya albarkaci fadamunsa da rake da kayan lambu. Akasarin mutanen wannan yanki ƙafarsu ita ce jarinsu. Da ita mai dako ke ɗaukar buhu, da ita ɗan kabu-kabu ke tayar da babur, da ita kuma mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ke cin kasuwar wannan ƙauye yau, gobe ta ci ta wancan. Saboda haka duk ciwon da ya kama ƙafa a gida irin wannan, ya kama tukunyar gidan baki ɗaya.

A wannan makon mun ga ya dace mu ja hankalin 'yan'uwa 'yan kasuwa da iyayenmu mata a kan wani ciwo da ba a cika maganarsa ba, wato ciwon dajin ƙashi, wanda wasu ke kira sankarar ƙashi ko kansar ƙashi. Ba ciwo ne mai yawa ba, domin nau'insa da ya fi kama matasa bai wuce mutum 3 zuwa 5 cikin miliyan ɗaya da yake kamawa a shekara ba. To amma gidan da ya faɗa wa, kwanakin farko su ne ke raba gardama tsakanin a ceci ƙafa, ko a ceci rai kawai, ko kuma a rasa duka biyun.

Yadda abin ke farawa

Labarin kusan iri ɗaya ne a ƙasar Hausa, ko ta Nijar ko ta Najeriya. Yaro ne ɗan shekara 13 ko 15, ya soma tsawo, sai ya fara kukan gwiwa. Uwa ta tambaya, sai ya ce ai ya faɗi a wajen ƙwallo, ko amalanke ta buge shi. Sai a ce targaɗe ne, a shafa man zafi, a sayo ƙwayar rage raɗaɗi a wurin mai tallan magani. Ciwo ya ɗan lafa, sannan ya dawo, musamman da dare. Bayan wata ɗaya ko biyu sai kumburi ya bayyana a saman gwiwa ko ƙasanta, mai tauri, mai ɗumi. Daga nan sai gidan maɗori, a matsa, a ja, a ɗaure da kara. In bai faɗa ba sai a ce ruwa ne ya taru, a nemi wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, ko a yi sakiya. Kafin a ce a tafi asibiti an cinye wata shida, wani lokaci shekara, kumburi ya kai girman ƙwarya, fata ta fashe, yaro ya rame.

Abin lura a nan shi ne, faɗuwar da yaron ya yi ba ita ta kawo ciwon ba. Ciwon yana nan cikin ƙashi tun kafin faɗuwar, ita dai ta sa aka ankara da wurin ne kawai. Haka nan ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma a ɗaukarsa daga wani, don haka babu dalilin raba wa majinyaci kwano ko gudun shimfiɗarsa. Ƙwayoyin halittar da ke gina ƙashi ne suke rikicewa, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, suna cin ƙashin da ke kusa da su, daga baya su bi jini su tafi wasu sassan jiki, musamman huhu.

Ba duka kumburin ƙashi ne daji ba

Kafin hankalin mai karatu ya tashi, ya kamata mu bayyana cewa mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a ƙashi ba masu kisa ba ne. Akwai wani tsiro mai tauri da kan fito wa yara kusa da gaɓa, ba ya ciwo, kuma yakan daina girma idan yaro ya gama tsawo. Akwai wani kuma da ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40 a kusa da gwiwa ko wuyan hannu, wanda likitoci kan buɗe ƙashin su kankare shi, su cike gurbin da wani irin siminti na asibiti, mutum ya tashi da ƙafarsa. Har ila yau akwai cututtukan da ke kama da daji alhali ba shi ba ne, kamar ruɓar ƙashi da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, da tarin fuka idan ya shiga ƙashi, da ciwon ƙashi na masu amosanin jini, wato sikila. Kowannensu da maganinsa daban.

Masu haɗarin su ne waɗannan. Na farko shi ne wanda likitoci ke kira ostiyosakoma, wanda ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 20, lokacin da ƙashi ke saurin girma, kuma kusan rabin masu shi a kewayen gwiwa yake fito musu, sai kuma ƙashin dantse kusa da kafaɗa. Na biyu shi ne mai ɗauke da sunan likitan Amurka James Ewing, wanda ya fara bayaninsa a 1921. Shi ma yara da matasa yake kamawa, kuma yakan zo da zazzaɓi har a ɗauka ruɓar ƙashi ce. Na uku na guringuntsi ne, ya fi kama manya, yana girma a hankali, kuma aikin tiyata ne babban maganinsa. Akwai kuma kumburin muƙamuƙi na yara ƙanana mai saurin girma, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a ƙasar Yuganda a 1958. Shi asalinsa ba daga ƙashi ba ne, kuma yana cikin masu saurin jin magani idan an je da wuri.

Babu maɗori, babu wanzami, kai babu ma likitan da zai iya bambance waɗannan da ido ko da taɓawa kawai. Sai an ɗauki hoto, an kuma auna.

Alamomin da ba a yi musu jinkiri

Ga abubuwan da idan uwa ko uba suka gani, to a ajiye komai a nufi asibiti. Ciwon ƙashi a wuri guda da ya wuce mako uku ko huɗu bai tafi ba. Ciwon da ke tayar da yaro daga barci, ko yake damunsa alhali yana zaune bai yi aikin komai ba. Kumburi mai tauri da ke ƙaruwa, musamman kusa da gwiwa ko kafaɗa. Ɗingishi ba tare da wani dalili ba. Sai kuma karayar da ta faru a kan abin da bai kai ya karya ƙashi ba, kamar mutum ya taka dakali ko ya juya a kan gado ƙashi ya ɓalle. Irin wannan karaya ta ƙarshe ita ce mafi haɗarin kai wa gidan ɗori, domin ƙashin da ciwo ya riga ya cinye ba ya haɗewa da kara da tsumma.

Tsakaninmu da maɗora

Ba mu zo nan don mu ci mutuncin masu ɗori ba. Sana'a ce ta gado, kuma jama'a na zuwa wurinsu ne saboda suna kusa, ana iya biyansu da kaɗan-kaɗan, kuma suna magana da mutum da harshen da yake ji. Sai dai kowane gwani da iyakar gwanintarsa. Matsa kumburin daji da murza shi ba ya rage shi, sai ƙara zafi da ɓata lokaci, wani lokaci ma a ƙarasa karya ƙashin. Tsaga da sakiya kuwa suna buɗe wa ciwon ƙofa ya fito waje ya zama gyambon da ba ya warkewa, ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta. Ƙafar da da likita zai iya cetowa, idan aka tsattsage ta, sau da yawa babu abin da ya rage sai yankewa. Maɗorin kirki shi ne wanda idan ya ga kumburi babu karaya, ko ya ga ɗori ya ƙi kamawa, zai ce a je a ɗauko hoto tukuna. Wannan ba ya rage masa daraja, ƙara masa yake yi.

Akwai kuma wata magana da ta zauna a zukatan mutanenmu, cewa wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da zarar an taɓa shi da kayan asibiti sai mutuwa. Asalin wannan magana ba ya rasa nasaba da yadda ake kai majinyata a makare. An kai mutum ciwo ya riga ya gama jiki, ya rasu bayan mako biyu, sai a ce allura ce ta kashe shi, a manta da wata goman da aka yi ana yawo da shi. Gaskiyar magana ita ce, allurar da ake gudu ita ce ta sauya labarin wannan ciwo a duniya, kamar yadda za mu gani a gaba.

Daga Matameye, ina aka nufa?

Matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa, daga nan a tura mutum asibitin gunduma da ke Matameye. Abin da za a roƙa tun farko shi ne hoton ƙashi, wanda a Nijar aka fi sani da radiyo. Hoto ɗaya na wurin da ke ciwo yakan isa ya nuna wa likita cewa akwai abin dubawa. In an ga alama, sai a karɓi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, inda ake da likitocin tiyatar ƙashi. A matakin ƙasa kuma akwai Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai, wadda a 2021 ta samu na'urar gasa daji ta farko a ƙasar, tare da tallafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin wannan shekara duk mai bukatar gashi sai ya fita waje. Matsalar dai ita ce nisa, domin daga Matameye zuwa Yamai ya haura kilomita 800.

Wannan ne ya sa da dama daga mutanen yankin kan fuskanci kudu, tunda Kano ba ta kai kilomita 200 ba. A can akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, yana kuma da sashen haɗa ƙafa da hannun roba, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai sashen kula da masu daji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, sannan a 2025 an buɗe sabuwar cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Sai dai 'yan kasuwa sun fi kowa sanin halin iyaka. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Maganin daji ba ya jiran a buɗe iyaka. Don haka duk wanda zai zaɓi inda za a yi jinya, ya zaɓi inda zai iya komawa a kai a kai har a gama, ya kuma riƙe duk takardunsa da hotunansa a jaka ɗaya, kamar yadda yake adana littafin bashi.

A babban asibiti za a ƙara wasu gwaje-gwaje: hoton ƙirji don a ga ko ciwon ya kai huhu, hoton sikana ko na babbar na'urar maganaɗisu don a ga iyakar inda ya ci, da gwajin jini. Sannan sai a ɗebi ɗan yanki daga kumburin a kai ɗakin bincike a duba. Wannan gwaji shi ne ke faɗin sunan ciwon, kuma ba a fara magani sai da shi. Muhimmin abu shi ne, likitocin da za su yi babban aikin su ya kamata su ɗebi wannan yanki, domin idan aka yanka a inda bai dace ba, yana iya ɓata damar ceton ƙafar. Kada a yarda wani ya ce zai fasa kumburin a ɗakin shan magani na unguwa.

Allura, sannan wuƙa, sannan allura

Kafin shekarun 1970, maganin ostiyosakoma ɗaya ne a duk duniya, wato a yanke ƙafa. Duk da haka, cikin majinyata 100, waɗanda ke kaiwa shekara biyar a raye ba su kai 20 ba, saboda tun kafin a yanke, 'ya'yan ciwon da ido ba ya gani sun riga sun tafi huhu. Da aka soma haɗawa da alluran kashe ƙwayoyin daji, waɗanda a Nijar ake kira shimiyo, a Najeriya kuma kemo, sai lissafi ya juya. A yau, a inda ake samun cikakken magani, 60 zuwa 70 cikin 100 na waɗanda ciwon bai bazu ba suna haye shekara biyar, akasarinsu kuma sun rabu da shi ke nan. Amma idan an zo ya riga ya kai huhu, adadin kan faɗo zuwa 20 ko 30. Wannan tazara ita ce farashin jinkiri.

Tsarin da aka saba bi shi ne a yi kimanin mako 10 ana ba da alluran, sannan a yi tiyata, sannan a ci gaba da alluran na wasu watanni, jimilla wata bakwai zuwa tara. Magungunan suna da ƙarfi. Gashi kan zube, ana amai, baki kan yi gyambo, jini kan yi ƙasa. Duk waɗannan na wucewa, gashi ma yana dawowa. Abin da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi a lokacin da ake karɓar alluran, domin garkuwar jiki ta yi rauni. Ko da tsakar dare ne a koma asibiti. Shi kuwa gashi da na'ura, yana aiki sosai a kan nau'in Ewing da kuma rage zafin dajin da ya bazu zuwa ƙashi, amma ostiyosakoma ba ya jinsa sosai, shi sai an cire.

Game da tiyata, hanya biyu ce. Idan kumburin bai kama manyan jijiyoyi ba, ana iya yanke ɓangaren ƙashin da ya lalace tare da naman da ke kewaye da shi, a maye gurbinsa da gaɓar ƙarfe, ko da wani ƙashi da aka ciro daga jikin majinyacin, kamar siririn ƙashin ƙwauri. A ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, kusan tara cikin goma ta haka ake yi musu, su tsira da ƙafarsu. A wajenmu kuwa, saboda makara da tsadar gaɓar ƙarfen, yankewa ta fi yawa.

A nan ne iyaye da dama kan ja da baya. Da zarar likita ya ambaci yankewa, sai a nemi sallama, ko a sulale da yaro da dare, a koma gida. Mun san abin da ke zuciyar uwa: wa zai auri yarinya mai ƙafa ɗaya, me yaro zai zama in ba mabaraci ba, me dangin uba za su ce? Tambayoyi ne masu nauyi, ba kuma za mu raina su ba. Amma ya kamata a san cewa ƙafar da likita ya ce a cire, ciwo ya riga ya ƙwace ta, abin da ake ciniki a kai yanzu shi ne ran yaron. Iyali na da haƙƙin su nemi a yi musu bayani da Hausa har su gane, su nemi ra'ayin likita na biyu, su kuma karɓi gaɓar da aka cire su binne ta yadda aka saba. Abin da ba shi da amfani shi ne a tafi gida a dawo bayan wata huɗu, lokacin da yankewar ma ba za ta hana komai ba.

A 1973 an yanke wa Edward Kennedy ƙarami, ɗan wani fitaccen sanatan Amurka, ƙafar dama saboda dajin ƙashi yana ɗan shekara 12, aka kuma yi masa alluran. Ya girma, ya zama lauya, ya yi aure ya haifu, har ya zama ɗan majalisar jiharsa. A Kanada kuma an yi wani saurayi Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafa a 1977, amma a 1980 ya yi kwana 143 yana gudu da ƙafar roba, ya ci kilomita 5,373 don tara kuɗin binciken daji, kafin ciwon ya bayyana a huhunsa ya rasu a 1981. Labarin na farko na nuna mana cewa akwai rayuwa bayan yankewa, na biyun kuma na tuna mana cewa huhu ne abin tsaro.

Bayan an fito daga ɗakin tiyata

Aiki bai ƙare a ranar da aka ɗinke rauni ba, a ranar ma ya fara. Masu gashin ƙashi, waɗanda a Nijar ake ce wa kine, su ne ke karɓar majinyaci daga nan, kuma abin da suke koyarwa yawancinsa a gida za a ci gaba da yi. Ana naɗe dungun da bandeji mai talewa kullum don kumburi ya sauka, ya yi siffar da zai shiga ƙafar roba. Ba a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa ko dungu, ba a kuma barin mutum ya wuni a zaune da gaɓa a lanƙwashe, domin idan ta sandare a haka ƙafar roba ba za ta zauna ba. Kwanciya rubda ciki na ɗan lokaci sau biyu ko uku a rana na taimakawa wajen miƙar da ƙugu. Ana kuma koyon tafiya da sanduna tun da wuri, a ƙarfafa hannuwa da ɗaya ƙafar.

Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa kan ji kamar tana nan, har su ji ƙaiƙayi ko zafi a yatsun da babu su. Wannan ba aljanu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba. Ƙwaƙwalwa ce ba ta gama sabawa ba, kuma yakan ragu da lokaci. Akwai magunguna, akwai kuma dabarar ajiye madubi a tsakanin ƙafafu, mutum ya riƙa motsa lafiyayyar yana kallon hotonta, wadda ke sauƙaƙa wa wasu.

Galibi bayan wata biyu zuwa uku, gwargwadon warkewar rauni, ake auna ƙafar roba. Asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram sun yi shekaru suna haɗa irin waɗannan ƙafafu da tallafin ƙungiyar agaji ta ICRC, kafin gwamnatin Nijar ta umarci ƙungiyar ta rufe ofisoshinta a 2025, abin da ya sa nauyin ya ƙara komawa kan hukuma da iyalai. A tuna cewa ƙafar roba kamar takalmi ce, yaro mai girma sai an riƙa sauya masa ita duk bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma kullum da dare a duba dungu ko ya yi ja ko ya saluɓe. Wanda aka sa wa gaɓar ƙarfe shi ma yana bukatar watanni na motsa gwiwa, kuma ɗaukar kaya masu nauyi da tsalle-tsalle ba nasa ba ne.

Sai zancen komawa asibiti. A shekara biyun farko akan bukaci hoton ƙirji kusan duk wata uku, daga baya a riƙa tsawaitawa har a wuce shekara biyar. Ko da ciwon ya ɓulla a huhu, idan an gan shi yana ƙarami ana iya cire shi. Wanda kuma ciwonsa ya wuce warkewa, bai kamata a bar shi yana ihu a ɗaki ba. Akwai magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin da likita ke rubutawa, kuma neman su haƙƙinsa ne.

Jan kunne ga iyayenmu mata

Ga wanda ya haura shekara 40, dajin da ake samu a ƙashi yawanci ba a nan ya faro ba, daga wani wuri ya taso. A mata, mama ne kan gaba. A maza kuma, ƙullin mafitsara da ake kira furostet. Akwai kuma na huhu, da ƙoda, da maƙoshi. Macen da ke da ƙullutu a mama, ko aka taɓa yi mata aikinsa, sannan ta soma ciwon baya ko na ƙugu da ba ya jin magani, kada ta ce ɗaukar kaya ne ko zaman gaban kasko. Idan kuwa ciwon bayan ya haɗu da sanyin ƙafafu, ko riƙewar fitsari, ko kuɓucewarsa, to a ranar za a tafi asibiti, domin laka ce ake dannewa, kuma kwana ɗaya ko biyu na iya zama bambancin tafiya da shanyewa. Tun 2007 Nijar ta yi dokar ɗauke wa mata kuɗin maganin dajin da ya keɓanta da su, kamar na mama da na mahaifa, don haka a tambayi abin da dokar ta ƙunsa a asibiti, kada kunya ta hana.

Lissafin ɗan kasuwa

Babban abin da ke kashe majinyatanmu bayan makara shi ne yanke magani a tsakiya. An sayar da akuya da rago an yi allura biyu, kumburi ya ɗan sauka, kuɗi ya ƙare, sai a zauna. Ciwon kuwa ya dawo da ƙarfinsa. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa wanda ya biya rabin kuɗin mota, kayansa ba su isa kasuwa ba. Saboda haka tun ranar farko a zauna da likita da ma'aikatan jin ƙai na asibiti, a tambayi zuwa nawa za a yi, wata nawa za a ɗauka, me za a saya a waje, sannan a haɗa da kuɗin mota da abinci da masauki. A watan Agustan 2024 gwamnatin Nijar ta sanar da rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da tiyata a asibitocinta da rabi, don haka a nemi sanin farashin hukuma, a kuma karɓi rasit.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan da ke zubin adashe na iya sa uwar majinyaci ta yi ɗaukar farko. Maƙwabciyar rumfa na iya riƙe mata kayanta ranar da ta tafi Damagaram, don kada ta rasa masu sayenta. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tasha na iya ware wani abu, ko direba ya ɗauke wa majinyaci kuɗin kujera. Idan yaro ya warke kuma, a mayar da shi makaranta, ko a zaunar da shi a shago, ko a koya masa ɗinki ko gyaran waya. Mai ƙafa ɗaya na iya auna hatsi, yana iya riƙe lissafi, yana iya zama uban gidan wasu. Mu ne ke mayar da shi mabaraci idan muka nuna masa cewa ba shi da sauran amfani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na yaran da suka kamu da daji suna warkewa, alhali a ƙasashe matalauta da dama ba su kai 30 ba. A 2018 ta ƙaddamar da shirin ɗaga adadin zuwa aƙalla 60 cikin 100 a duk duniya kafin 2030. Ba za a kai ga haka daga Yamai ko Abuja kaɗai ba, sai an faro daga garuruwa irin su Matameye.

Don haka muna kira ga hukumomin lafiya da su tabbatar na'urar ɗaukar hoto na aiki a kowane asibitin gunduma, su kusanto da alluran daji da gwajin nama ga mutanen jihohi, su kuma ɗauki nauyin ƙafar roba ga yara. Muna kira ga sarakuna da malamai da gidajen rediyo da su zauna da maɗora da wanzamai a fahimci juna. Ku kuma iyaye, duk ciwon ƙashin da ya kai wata guda, a ɗauko hotonsa kafin a ɗaure shi. Kuɗin hoto ɗaya bai kai kuɗin ƙafa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma kare mu baki ɗaya.